Farantin Dama

Daren da aka sa dokar hana fita
hayaƙi ya tashi ta Farin Gada.
Ni ina Rikkos, kunne a waya,
buhun dankali goma sha biyu a rumfa,
jarin shekara, har da na marayun yayana.

Wani ya bugo: "Tanimu, sai haƙuri.
Na ga Chollom a bakin rumfarka,
ƙarfe a hannu, kwaɗo a ƙasa,
baro cike, yana ta jida."

Chollom!
Shekara tara yana yi mini dako.
Na aika masa nama da Sallah,
ya aiko da shinkafa ran Kirsimeti.
Na kwana ina dafa shi a cikina,
kafin asuba ya nuna, har ya ƙone.

Kwana huɗu, sojoji suka sassauta.
Rumfa wayam, sai ƙasa da ɓawo,
sikelina a gefe, an taka masa wuya.
Na saɓa shi zuwa wurin Baba Natan,
mutumin Nnewi, mai gyaran sikeli,
Bayahude, da 'yar hula a tsakar ka
kamar marfin tulu,
wanda ba ya buɗe shago ran Asabar
ko za a ba shi Filato da duwatsunta.

Na zazzage masa. Yana ta goge tsatsa.
"Ka gan shi?"
"An gan shi."
"An ga hannu," ya ce. "Wa ya ga dalili?"

Ya ɗaga sikelin, farantan suna lilo.
"A gidanmu haka aka koya mana:
in za ka auna mutum,
dama alheri, hagu laifi.
In suka yi kunnen doki, ka rasa na kamawa,
ɗora yatsa a dama.
Shi ne kaɗai maguɗin awo
da Ubangiji ba ya fushi da shi."

Na ce, "Baba, wannan sai gari lafiya."
Ya yi dariya, haƙori ɗaya na azurfa.
"In gari lafiya kowa waliyyi ne.
Laima don ruwa aka ɗinka ta.
Sau biyu shagon nan yana cin wuta.
Da na tuhumi duk wanda ya gifta,
yau da wa zan gaisa?"

Sai muryar malaminmu na allo ta dawo:
nema wa ɗan'uwa uzuri saba'in.
Ni ko ɗaya ban nema ba.
Karatuna ne, na yar a hanya,
wani ya tsinta ya miƙo mini.

A hanyar gida na gwada ƙirgawa.
Ko tilasta masa aka yi.
Ko ya riga ɓarayi ne.
Ko mai ba ni labari ya ga wani.
Na uku na tsaya, numfashi ya ƙare;
kyautata zato ya fi buhu nauyi.

Ran Laraba ga baro yana ƙara,
ga Chollom, ido ɗaya a kumbure.
Sawu huɗu ya yi daga ɗakin tsohuwarsa,
dankalin yana warin hayaƙin murhu.
"Ga kayanka. Kwaɗon, zan biya."

Na ƙirga. Sha ɗaya.
Na sake. Sha ɗaya.
Ya dubi ƙasa, na dubi ƙasa.

Ko ya ba masu tare hanya don ya wuce,
ko 'ya'yansa sun ci a kwanakin kulle,
ko ya sayar, mutum ne.
Tambayar ta zo har bakin haƙora,
na haɗiye ta da ruwan leda.
Har yau ban sani ba.

Sikelin ya dawo, yana faɗin gaskiya,
kilo kilo ne, ba na taɓa shi.
Yatsan kuwa na ajiye wa mutane.
Wata rana yana rawa.
Ina dai ɗorawa.